Jitar Cinya a Ɗakin Ladan

Ni dai da jita na shiga Riyad. Duk wanda na faɗa wa haka sai ya dube ni ya yi dariya, kuma ban taɓa jin haushi ba, don ni ma in na tuna dariyar nake yi. Wani ejan ne a Kano ya rantse min cewa akwai babban otal da ke neman makaɗa. Ni kuwa da na shekara tara ina kiɗa a otal-otal ɗin Jos, ban tsaya tambayar kowa ba. Da na tambayi ko alhaji ɗaya, da ya gaya min cewa a shekarun nan na casa'in babu otal ɗin da ake kiɗa a Riyad.

Jitar tawa ba irin wadda ake ratayawa a wuya ba ce. A cinya ake kwantar da ita, mutum yana zaune. Tsirkiya shida gare ta, kuma ba a danna su da yatsa. Wani guntun ƙarfe ne mai santsi ake riƙewa da hagu, ana zamar da shi a kan tsirkiyoyin. Hannun dama kuma a sa masa farata uku, biyu na ƙarfe, ɗaya na roba a babban yatsa. A Jos "Hawaya" muke ce mata. Wani tsoho mutumin Ijebu ne ya koya min, shi ya bar min ita da zai koma gida. In an haɗa ta da amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, kuka take yi kamar mutum.

Kafilina, wato Balaraben da takardar zamana take a wuyansa, shi ya fara yi min dariyar. Ya karɓi fasfona ya jefa a durowa, sannan ya sa na buɗe akwatin. Ya taɓa tsirkiya ɗaya da mukullin motarsa.

"Musika? A Riyad?" ya ce. "Halas, shi ke nan, rufe. Ka iya gyaran rediyo?"

Allah Ya taimake ni na iya, don a ƙungiyarmu ta Jos ni ke gyara duk abin da ya ƙone. A ranar ya kai ni shagonsa na gyaran rediyo da bidiyo a unguwar Batha. Masaukin da ejan ya yi min alkawari kuwa, babu shi babu dalilinsa. Kwana arba'in na yi ina shimfiɗa kwali a siton shagon, na yi matashi da jakata. Batha ba ta rasa mutane, Indiya, Bangali, Yamal, Filifin, kowa da yarensa, amma sai in wuni ban ji kalmar Hausa ɗaya ba. Na yi kewar gida sosai. Har sanyin Jos da nake zagi na yi kewa.

Rannan mudirin shagon, wato manaja, ya ce an hana kwana a shaguna, in nemi wuri. Ranar Juma'a ce. Bayan an sauko masallaci na zauna a tashar bas, jakata a gefe, akwatin jita a tsakanin ƙafafuna, ban san inda zan nufa ba. Sai na ji an ce, "Bawan Allah, wannan hular ai ta gida ce."

Na ɗaga kai. Wani siririn mutum ne mai gemu, da farin gilashi, ya rungumi littattafai. Malam Habibu ke nan, mutumin Gumel, ɗalibi mai karatun hadisi a jami'a. Muka gaisa, na ce masa sunana Sale, na ba shi labarina, na cire maganar kiɗa. Bai yi dogon tunani ba.

"Tashi mu je," ya ce. "Ni ke kiran salla a wani ƙaramin masallaci a Utaiƙa, sun ba ni ɗakin ladan. Ƙarami ne, amma zai ɗauki katifa biyu." Ya miƙa hannu zai taya ni da akwatin. "Mene ne a ciki?"

Na dubi gemunsa, na dubi littattafansa, na tuna kwalin da ma aka hana ni.

"Na'urar awon lantarki ce, Malam. Ta shago."

Haka na faɗa, bakina bai ko yi rawa ba. Na sani sarai in ya ji gaskiya zan iya rasa ɗakin, kuma daga baya na gane ba ni kaɗai ba ne a cikin haɗarin. Ɗakin bango ɗaya ya raba shi da masallaci. Wani dattijo ɗan unguwar, Abu Sa'ad, shi ke kula da wurin, kuma Malam ya kai ni gabansa a yammacin nan ya ce, "Ɗan'uwana ne, na tsaya masa." In aka ji jita a ɗakin ladan, Malam ne zai fara kwashe littattafansa.

Zama da Malam Habibu ba wahala. Ba ya yawan magana, ba ya wa'azin da ba a tambaye shi ba. Yana da garin kuka da daddawa da alhazai ke kawo masa, duk Juma'a sai ya tuƙa mana tuwo da garin samolina, mu ci a kwano ɗaya. Tuwon nasa ba ya rasa gudaji. Na taɓa ce masa, "Malam, hadisi dai ka iya, amma tuwo a bar wa masu shi." Ya yi dariya har ya cire gilashi, daga ranar tuƙi ya dawo hannuna. Shi ya koya min Larabcin titi, ya nuna min inda ake sayen burodin tamis mai zafi, ya raka ni aika wa mahaifiyata kaset ɗin gaisuwa. Da zazzaɓi ya kwantar da ni, shi ya wanke min kaya.

Akwatin yana ƙarƙashin gadona. Wata biyu ban taɓa shi ba, daga nan na kasa. A Riyad shaguna na rufewa daga azahar sai bayan la'asar, Malam kuma yana jami'a har kusan la'asar, wani tsoho maƙwabci ke kira masa azahar. Sai in hau ƙaramar bas daga Batha, in yi salla, in jira masallaci ya watse, in sa sakata. Abin da ya rufa min asiri shi ne, jitar cinya in ba amfilifaya ba ta da murya. Ƙararta ba ta wuce ta sauro ba, ga kuma na'urar sanyaya ɗaki tana ta ruri. Sa'a ɗaya nake yi, in goge tsirkiyoyi da tsumma, in mayar. Na san ba daidai nake yi ba. Amma duk ranar da na taɓa ta, sai in ji ni ne dai Salen da na sani.

Wata rana wani ɗan Filifin ya shigo shago da amfilifaya a kafaɗa, tana warin ƙuna. Rodel sunansa, makanikin wani kamfanin gine-gine. Tun kafin in kwance ta na san abin da ya faru. A Riyad ta lokacin, gida ɗaya sai ka sami wuta iri biyu, mai ɗari da goma da mai ɗari biyu da ashirin, kuma ramukan soket ɗin kamarsu ɗaya. Amfilifayar 'yar Amurka ce, mai kwalabe a ciki, ya soka ta a babbar wuta. Na yi kwana uku a kanta, na naɗe taransifomarta da hannu, na kuma ɗaura mata jan ƙyalle a wayar don kada a sake.

Da ya zo karɓa na tambaye shi me yake kaɗawa. Ya waiwaya ya dubi ƙofa tukuna, sannan ya ce suna da ƙungiya, su huɗu. Duk Alhamis suna yi wa Amurkawa kiɗa a cikin kamfawun ɗinsu, unguwar Turawa mai katanga da masu gadi, inda dokar gari ba ta cika leƙawa ba. Matsalarsu ɗaya, Amurkawan kiɗan ƙauyensu suke so, shi kuwa ba ya daɗi sai da jitar ƙarfe, kuma duk Riyad sun rasa mai kaɗa ta.

"Ina da ita," na ce.

Ya dube ni daga hula har silifa. "Kai, sadik?" ya ce, wato aboki da Larabci.

"Ni."

Ranar Alhamis na ce wa Malam an ba ni aikin gyara a gidajen Turawa, duk mako. Ƙarya ta biyu ke nan, ta fi ta farko sauƙin fita. Ya ce Allah Ya sa albarka, ya riƙe min ƙofa na fita da akwatin.

Sansanin su Rodel yana can hanyar Dir'iyya. A wani sito suke gwaji, sun jingina tsofaffin katifu a bango don kada sauti ya fita. Na zauna a kan bokitin fenti, na kwantar da ita a cinya, na soka waya a amfilifayar da na gyara da hannuna. Da na zamar da ƙarfen nan sau ɗaya daga ƙasa zuwa sama, sai sautin ya cika siton. Kusan wata shida rabona da jin muryarta ta gaske. Mai ganga ya ajiye sanduna. Rodel ya je ya kawo min kujera.

Sai dai na sha faɗa kafin in zauna daidai a cikinsu. A Jos, mai Hawaya sarki ne, daga farkon waƙa har ƙarshe kana ta zuba. Nan kuwa Rodel sai ya ɗaga hannu ya tsayar da kowa.

"Shuwayya, shuwayya, sadik, a hankali. In ina waƙa, ka yi shiru. In na ja numfashi, nan ne wurinka."

Na ji haushi da farko, wai ni za a koya wa kiɗa. Amma gaskiyarsa ce. Aikina shi ne in cike gurbin da mawaƙi ya bari, in amsa masa, in koma baya. Don haka sai da na nemi feda, abin da ake takawa a rage murya ko a ƙara, yadda sauti zai shigo a hankali ba tare da an ji tsinkar farce ba. Babu inda ake sayar da ita. Na sayi fedar tsohon keken ɗinki a gwanjo, na cire cikinta, na sa makunnin muryar wata matacciyar rediyo da guntun zaren kamun kifi. Ta yi min shekara uku. Tsirkiya ma haka, babu ta jitar cinya, sai in sayi ta jita gama-gari kashi biyu a wani lungu a Batha, in tsinci masu kaurin da nake so. Ƙarfen kuwa a aljihun gaba nake ajiye shi don ya yi ɗumi, sanyin ƙarfe yana sa hannu ya ƙage.

Haka muka riƙa yi. A loda kaya a bayan motar kamfani, a rufe da tamfol, a ɗora tsani da bokitai a kai. In mun isa, sai mun jira rabin sa'a kafin mu ɗaura tsirkiya, don an fito da kaya daga zafin mota zuwa sanyin zaure, in ka yi gaggawa duk sai su saki. Mu fara bayan la'asar, Turawa da matansu da 'ya'yansu suna cin naman gashi. In magariba ta yi, ni da mai babbar jita, wani Basudane, mu zare wayoyinmu mu je bayan zaure mu yi salla, sauran su sha shayi su jira mu. Wani tsohon Ba'amurke yakan jawo kujera kusa da ni, ya zuba wa hannuna ido, wani lokaci in ga yana share hawaye. Ashe kowa da garin da yake kewa.

In na dawo, sai in tarar Malam ya rufe min abinci da faranti.

"Sannu da aiki, Sale. Ya Turawan naka?"

"Lafiya lau, Malam. Yau firij ne da talabijin biyu."

Kullum da abin da zan ƙirƙira. Shi kuwa har tallata ni yake yi, mutanen masallaci suka fara kawo min rediyoyinsu. Na taɓa jin yana ce wa Abu Sa'ad, "Ka ba shi ko mene ne, mai amana ne." Ina bayan ƙofa, na ji kamar in nutse. Sau da yawa na shirya zan faɗa masa, sai in ce bari a gama cin tuwo, in an gama kuma in ce bari sai wata Juma'ar.

Ranar da asirina ya tonu, Talata ce da rana. Akwai wata sabuwar waƙa da ta gagare ni, na duƙufa a kanta, ban ji takun kowa ba sai ƙwanƙwasa ƙofa da sallamar Malam. Ashe malaminsu ne bai zo ba. Cikin ƙiftawar ido na tura jita a akwati, na tura akwati ƙarƙashin gado, ƙarfe ya faɗa aljihu, na ja zanen gado na daidaita. Har na yaba wa kaina. Na zare sakata, na amsa sallama, na miƙa masa hannu kamar yadda muka saba duk shigowa da fita.

Ya kama hannun, sai na ji ya ɗan zabura. Bai saki ba. Ya juya shi, ya ɗaga kusa da gilashinsa. Faratan nan uku suna nan a yatsuna. Wanda ya shekara tara yana sa su ba ya jin su a hannu, kamar zobe ne. Ɗaya har ya karce shi a tafi.

"Wannan fa?" ya ce.

Na buɗe baki zan ce na kama waya ne. Wallahi har ƙaryar ta zo kan harshena. Sai na ga yadda yake dubana, ba fushi, jira kawai yake yi. Na durƙusa na jawo akwatin na buɗe.

Ya daɗe yana kallonta. Bai taɓa ba.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka ɗauko ni, Malam."

"Alhamis ɗin fa?"

"Kiɗa nake zuwa."

Ya gyaɗa kai, ya ajiye littattafansa, ya dubi agogo. Da lokacin la'asar ya yi, ya fita ya yi alwala. Na ji muryarsa a lasifika yadda take kullum, ba ta canza ba. Na bi salla a sahun ƙarshe, ban san me na karanta ba.

Bayan an watse ya dawo ya zauna a katifarsa.

"Sale, ka san abin da na karanta a kan kiɗa, ba sai na maimaita maka ba. Zan faɗa maka sau ɗaya, ina yi maka sha'awar ka bari. Abin da kake yi a waje kuma, tsakaninka da Ubangijinka. Amma ɗakin nan ba nawa ba ne. Ba za ta sake kwana a nan ba."

"Ni fa, Malam?"

"Kai ka ji na ce ka tashi?"

A yammacin na kai ta wurin Rodel. Shi kuma Malam, ban sani ba sai daga baya, ya je ya sami Abu Sa'ad da ƙafarsa ya faɗa masa komai, ya ce shi ya tsaya min, don haka laifin nasa ne. Dattijon ya yi faɗa, ya ce a kiyaye gaba, magana ta mutu. Sai dai daga ranar mutanen masallaci suka daina kawo rediyo.

Na zaci shi ke nan, na tsira da ɗaki, na tsira da jita. Malam bai canza min fuska ba. Muna gaisawa, muna cin tuwon Juma'a, ranar Alhamis ina tarar da abincina a rufe. Abu ɗaya ne ya ɓace. Ya daina tambayata. Ba "ya aiki," ba "ina ka tsaya," ba "me gida suka ce a kaset." In na ba shi labari zai saurara, ya ce madalla, amma shi da kansa bai sake tambayata komai ba, ko farashin tumatir. Na gane ba horo yake yi min ba. Ba ya so ya sake sa ni a inda zan yi masa ƙarya ne, ko kuma ba ya so ya zauna yana auna maganata. Wannan shirun ya fi min kwanan kwali ciwo.

Wata biyu na jure. Da Basudanen nan ya ce akwai gado a ɗakinsu a Batha, na ce ina so. Na faɗa wa Malam, ya ce Allah Ya sa haka ya fi alheri, bai ce in zauna ba, bai ce in tafi ba. Ranar tashi ba shi da karatu, ya ƙulla min garin kuka da daddawa a leda, ya naɗe katifar da ya ba ni ya ce in tafi da ita. Shi ya ɗauke ta a ka har bakin titi, ɗalibin hadisi guda, yara suna kallo.

Muna tsaye muna jiran bas, rana ta take. Akwai tambayar da ta daɗe tana cina, na ce in ban yi ta yau ba, ba zan ƙara samun dama ba.

"Malam, don Allah in tambaye ka. Ranar nan a tasha, da na ce maka jita ce, za ka kawo ni ɗakinka?"

Na so ya ce e, in ji daɗi. Ko ya ce a'a, in ce to ai ƙaryata ta yi rana. Ya sauke katifar ya jingina ta da ƙafarsa, ya cire gilashi ya goge da bakin rigarsa. Ya yi tunani na gaske, yadda yake yi in an tambaye shi mas'ala.

"Na tambayi kaina wannan ba sau ɗaya ba," ya ce. "Ban sani ba, Sale. Kai ka hana ni in sani."

Bas ta tsaya. Ya taya ni tura katifar ta taga, ya miƙo min hannu. Na ba shi nawa, muka yi musabaha, ya juya ya koma don azahar ta kusa.